Bayan babur yana cilla ni a hanyar daji

Ka ce shokazoban baya na harba ka sama duk lokacin da ka taka dutse ko saiwar itace. Kada ka fara da murɗa sukurori, fara da auna nutsewa, wato yadda bayan babur ke yin ƙasa in nauyi ya hau shi. Ɗora babur a kan kututture, tayar baya na lilo, ka auna daga aksil zuwa wani tabo a madigadi. Sauke shi, ka hau da kwalkwali da takalmanka, wani ya sake aunawa. A manyan baburan da aka ƙera don hanyar daji, ya kamata bambancin ya kama milimita 100 zuwa 105. Zoben da ke kan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ya naɗe shokazoba, shi ne ke gyara wannan. Sai ka koma sukurun ƙasan shokazoba, mai rage saurin dawowarsa bayan ya danne, ka ɗaure shi har ka ji ƙas sau biyu, ka gwada a wurin da ya cilla ka.

Amma da sharaɗi. Bayan ka saita, auna babur shi kaɗai a ƙasa: ya kamata ya nutse milimita 30 zuwa 40 daga awon farko. In bai kai 25 ba, sifirin ya yi wa nauyinka laushi, sai dai ka canza shi. Kuma kada ka zarce wajen ɗaurewa, don a kan gargada a jere shokazoba ba zai samu miƙewa ba, sai ya ƙage ya riƙa dukan ƙugunka.