Garwashi a ɗakin jego: me ya sa numfashi bai tashe su daga barci ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta haihu cikin sanyin hunturun nan, sai innarmu ta shigar da kaskon garwashi ɗakin jego, aka rufe ƙofa da taga aka kwanta. Da asuba da ƙyar aka tashe su, kowacce kanta na sarawa, ga jiri ga amai. Allah Ya kiyaye, duk sun warware har da jaririn. Abin da ya ɗaure min kai, gawayin ya riga ya ruru, babu hayaƙi ko kaɗan, kuma babu wadda ta yi tari ko ta ji numfashinta ya sarƙe. Ashe ba aikin huhu ba ne ya sanar da mutum idan iska ta ɓaci? Don Allah a yi min bayanin yadda numfashi yake aiki.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Barka da arziki, Allah Ya raya abin da aka samu. Abin da kika bayyana ya yi daidai da gubar wata iska da ake kira kabon monoksaid. Amsar tambayarki a taƙaice ita ce, jiki yana da masu gadin numfashi, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san wannan iska. Kafin a gane dalili sai mun bi iskar da muke shaƙa tun daga bakin hanci.

Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace shaƙa wajen rabin lita. Hanci ne ke fara tarbar iskar, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta, gashinsa da majina su kama ƙura. Daga nan ta gangara maƙogwaro, ta bi bututun iska wanda ya rabu biyu, reshe ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Mai gadi na farko a wannan hanya yake. Jijiyoyin da ke shimfiɗe a bangon bututun suna jin duk abin da ke da kaifi ko yaji, hayaƙin ɗanyen itace ne, ƙurar hunturu ce, barkonon da aka zuba a mai ne, nan take su tayar da tari ko atishawa. Kabon monoksaid kuwa ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta da yaji. Wucewa take yi salin-alin, shi ya sa babu wadda ta yi tari.

Shi huhu ba shi da ƙarfin zuƙo iska da kansa. Wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki ce ke yin wannan aiki, tare da tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari. In ta ja ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta kwararo ciki. In ta saki, huhu ya koma yadda yake, iska ta fita. A can ciki bututun yana ta rarrabuwa, kusan hawa 23, kowane reshe ya fi na bayansa siranta, har ya ƙare a wasu ƴan mitsi-mitsin jakunkunan iska waɗanda yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. Kowace jaka jijiyoyin jini sun naɗe ta, kuma bangon da ke tsakanin iska da jini bai kai kaso 1 cikin 1,000 na milimita ba. Ta wannan bango oksijin ke tsallakawa cikin jini, iskar da jiki ya gama da ita, wato kabon dayoksaid, ta tsallako waje. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ne, wadda muke fesarwa kuma wajen kashi 16 ne, tare da kabon dayoksaid kamar kashi 4.

Ki lura, bangon nan ba ya tantance wanda zai wuce. Duk iskar da ke iya ratsa shi ratsawa take yi.

Oksijin ba ya narkewa sosai a ruwan jini, ɗan abin da ke narkewa bai isa ya riƙe rai ba. Kusan dukkansa ana ɗaukarsa ne a kan wani sinadari da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, sunansa himoglobin, shi ne ma ya ba jini launinsa. Ki ɗauke shi a matsayin motar haya mai kujera 4. Tana lodin oksijin a huhu, ta sauke a ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi, ta komo ta sake lodi. To kabon monoksaid fasinja ce da ke riƙe kujera da ƙarfin da ya ninka na oksijin sama da sau 200, in ta zauna ba ta sauka da wuri. Abin bai tsaya nan ba, zamanta a motar yana sa sauran oksijin da suka samu kujera su ma su ƙi sauka a inda ake jiransu. Motoci na ta kai-komo cike da fasinja, gaɓoɓi kuwa na zaune babu abin da ya iso musu. Saboda wannan ƙarfin riƙo, iskar da ba ta kai kaso 1 cikin 100 na iskar ɗaki ba tana iya kashe mutum.

Saura mai gadi na biyu, wanda shi ne ainihin tambayarki. Yawancin mutane sun ɗauka ƙarancin oksijin ne ke sa mutum ya ji numfashi ya sarƙe. Ba haka ba ne a mafi yawan lokuta. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai cibiyar da ke ba da umarnin numfashi ko mutum na barci, kuma abin da ta fi sa wa ido shi ne yawan kabon dayoksaid a jini. Ki gwada riƙe numfashinki. Wannan ƙuncin da zai tilasta miki saki bayan ɗan lokaci, taruwar kabon dayoksaid ce ta kawo shi, alhali oksijin ɗinki bai yi wani ƙasa ba tukuna. Wani masani ɗan ƙasar Sikotland, John Scott Haldane, shi da abokin aikinsa Priestley ne suka tabbatar da haka a 1905. A ɗakin ƙanwarki ƙirji na ɗagawa yana sauka, kabon dayoksaid na fita yadda ta saba, don haka cibiyar ba ta ga abin tayar da kowa ba.

Akwai kuma wasu ƴan ƙananan gaɓoɓi a gefen wuya, jikin manyan jijiyoyin da ke kai jini ka, waɗanda ke auna oksijin. Sai dai wancan ɗan kaɗan da ya narke a ruwan jini suke aunawa, shi kuwa gubar ba ta taɓa shi. Su ma shiru suka yi. Haldane ɗin nan ya gane cewa jikin ɗan'adam ba zai taɓa gargaɗin kansa ba, shi ya sa ya ba masu haƙar kwal shawarar su riƙa shiga rami da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, wanda zai riga su faɗuwa. A Birtaniya sai a 1986 aka daina shiga da kanari, bayan na'urori sun karɓi aikin.

Batun rashin hayaƙi, nan ne na fi son a gyara fahimta, domin shi ne ke yaudarar iyayenmu. Innarku ta yi abin da ta gada, ta bari gawayin ya ruru a tsakar gida don kada hayaƙi ya dami jariri. Amma garwashin da ya yi ja babu harshen wuta yana ci gaba da fitar da kabon monoksaid, kuma yadda iskar ɗaki ke raguwa haka yake ƙara fitar da ita. A ganina ma hayaƙin itace ya fi shi gaskiya, tunda shi yana sa ido hawaye ya kori mutum waje. Iskar nan nauyinta kusan ɗaya da iskar ɗaki, gauraye take ko'ina, kwanciya a tabarma ko a kan gado duk ɗaya ne. Ajiye kwanon ruwa ko yankakkiyar albasa ba ya tsotse ta, takunkumin fuska ma ba ya tace ta.

Alamominta su ne waɗanda kika lissafa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, sannan ruɗewa da suma. Matsalar ita ce duk wanda ya ji waɗannan a wajenmu zazzaɓin cizon sauro zai fara kawowa, ko ya zargi abincin dare, wani lokaci har a tafi zargin sammu. Abin da ke bambanta ta: mutane da yawa a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, galibi babu zafin jiki, kuma su ji sauƙi da zarar sun fita waje. Mai barci shi ya fi shiga haɗari, domin ciwon kan da zai sa wanda ke farke ya tashi, shi zarcewa yake yi daga barci zuwa suma. Ko ya farka, sau da yawa ƙafafun ba sa ɗaukarsa zuwa ƙofa.

Idan haka ta faru, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa waje nan take, mai ceton ma kada ya daɗe a ciki. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa madara ko manja, gubar a jini take ba a ciki ba, kuma abin da aka ɗura zai iya bin bututun iska ya faɗa huhu. A garzaya asibiti, a faɗa musu ƙarara cewa da garwashi aka kwana. Maganinta oksijin ne zalla ta abin rufe hanci da baki. A iskar waje jiki na ɗaukar awa 4 zuwa 5 kafin ya rage rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa 1 da ɗan wani abu ne. Dalilin da na ce a faɗa musu shi ne, ƴar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki gubar, tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin hali.

Kin ce sun warware, alhamdu lillahi, amma ina so a kai su a duba, musamman jaririn. Sabon haihuwa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti, ga shi irin himoglobin da ya fito da shi daga ciki ya fi na manya riƙe wannan iska, ba shi kuma da bakin faɗin kansa na ciwo. Ku lura da yadda yake kama nono da yadda yake farkawa. Su ma manyan a sa musu ido har wajen mako 6, domin wasu sai bayan kwanaki ko makonni mantuwa ko ruɗewa ko canjin hali ko tangaɗi a tafiya ke bayyana. In an ga ɗaya daga ciki, a koma asibiti a tuna musu da wannan dare.

Ɗumin ɗakin jego kuwa a neme shi ta bargo da hula da safa, da rungume jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata. Kurfoti ko kasko ba ya kwana a ɗaki, turaren wuta ma a yi shi ƙofa buɗe a fitar da kaskon. Hukuncin janareta ɗaya ne, shi ma har ya fi garwashi saurin cika wuri da gubar. Zaure da ƙarƙashin bene da baranda mai rufi duk ba wurinsa ba ne, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarawo. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansarsa na kallon nesa da ɗakuna.