Tambaya da Amsa: 'Yar ƙauye za ta iya zama malamar asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Mama. Na gama sakandare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sumaila. Tun ina ƙarama nake sha'awar aikin asibiti, amma ban samu kiredit a Kemistiri ba. Baba kuma ya ce karatun nas na 'yan birni ne, ga aikin dare. Don Allah ki ba ni shawara.
'Yarki daga Sumaila

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Na Kemistiri mai sauƙi ne. Makarantun nas da ungozoma kiredit 5 suke nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma suna karɓar sakamakon zama 2. Ki sake zana NECO ko WAEC, ki haɗa da na farko.

Kuma ba likita kaɗai ne asibiti ba. Likitanci a Jami'ar Bayero shekara 6 ne, ga cinkoson masu nema. Amma akwai makarantar ungozoma a Dambatta, ta nas a Madobi, ta fasahar lafiya a Bebeji da nan cikin Kano, inda ake horar da ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW shekara 3.

A ɗakin haihuwa na yi aiki har na yi ritaya. Abin da ya fi ci min rai shi ne a kawo mace daga ƙauye, kwance a bayan mota kan tabarma, kwana biyu tana naƙuda, ƙafafu a kumbure, jijjiga ta riga ta kama ta. Ka tambayi katin awo, babu. Da a sha-ka-tafin garinsu akwai wadda ta auna mata jini tun cikin yana ƙarami, da an gano hawan jinin da wuri. Irin wannan doguwar naƙudar ce kuma ke barin mata da yoyon fitsari. Ma'aikaciyar asibitin da aka turo daga birni sau da yawa hankalinta na kan a mayar da ita gida. Ke kuwa garinku ne. Matar da nauyi zai hana ta buɗe baki gaban namiji, ke za ta jawo gefe ta gaya miki tana ganin jini.

Maganar Baba kuwa, kada ki ja da shi. Aikin dare akwai shi, kuma tsaron mutuncinki yake yi. Ki bi ta wajen mahaifiyarki, a samu kawunki ko limamin gari ya zauna da shi, ya tambaye shi: in iyalinsa ce a kan gwiwa, wa yake so ya karɓi haihuwar? In ya sauko, a kai shi makarantar ya ga inda ɗalibai mata ke kwana da idonsa.

Idan lokacin fom ya zo, daga makarantar za ki saya. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbi, kada ki ba shi ko sisi.