Yadda za a wuce da imel ga wani, sunan mai aikowa na nan a kai

Tambaya: Malam, ni sakatariya ce a wani kamfanin shigo da kaya a Kano. Saƙonnin masu sayar mana da kaya ta akwatina suke shigowa. In na tura wa Oga da Forward ya ba da amsa, ni take dawo wa, su kuma suna can suna jira. Makon jiya saura ƙiris ciniki ya suɓuce mana. Wace manhaja ce za ta kai masa saƙon kamar daga wurinsu ya fito? Wani mai gyaran waya ya ce in ba shi kalmar sirri ya saita mini.

Amsa: Malama, abin da kike nema sunansa Redirect, wasu manhajojin kuma Bounce ko Resend suke ce masa. Daɗaɗɗen abu ne, tun ƙa'idar imel ta 1982 aka tanade shi. Manhajar Mail ta kwamfutar Mac tana da shi a ƙarƙashin Message. Roundcube, wadda masu imel na kamfani da yawa ke buɗewa a burauza, tana da shi. Outlook na yi ta hanyar Rules in akwatin na Exchange ne ko Microsoft 365. Thunderbird ma akwai, sai dai ki fara gwadawa da wani akwatin naki ki ga sunan da ke fitowa. Gmail ba shi da wannan maɓallin ko kaɗan. Abin da yake da shi shi ne Filter: ki ce duk saƙon da ya zo daga adireshi kaza a wuce da shi ga Oga, zai isa da sunan mai aikowa. A kwamfuta ake saitawa, manhajar waya ba ta nuna wurin.

Ki sa ran wasu saƙonnin za su faɗa Spam ko a ƙi karɓarsu. Tun 2014 da Yahoo ya tsaurara ƙa'idar DMARC, wadda ke tantance ko da gaske saƙo daga mai sunan ya fito, manyan kamfanoni ke ƙyamar saƙon da ke ɗauke da sunan wani amma ya fito ta ƙofar wani. Kwanakin farko sai Oga ya riƙa leƙa Spam.

To, sai batun mai gyaran waya. Kar ki ba shi. Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana: "Ai in ya gama sai in canza kalmar sirri." Canza kalmar sirri ba ya goge Filter, ba ya goge adireshin turawa. Minti biyu ya ishi mutum ya ƙara adireshinsa kusa da na Oga, ya tabbatar da shi daga nasa akwatin, ya miƙo miki waya yana murmushi. Ki canza kalmar sau goma, kwafin kowane rasiti na ci gaba da zuwar masa, ba sai ya sake shiga akwatinki ba. An canza kwaɗo, an bar taga a buɗe.

Ban ce wannan mutumin ɓarawo ba ne, ban san shi ba. Amma na taɓa buɗe saitin wani ɗan kasuwa na tarar da baƙon adireshi zaune a ciki, ga wata doka kuma da ke share duk saƙon da ya ambaci biyan kuɗi. Ya rantse mini wata uku ke nan da canza kalmar sirrinsa. Haka 'yan damfara ke yi: su yi lamo suna karanta cinikinku, ranar biya ta matso su aiko daga adireshin da harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaske, su ce lambar asusu ta canza. Har yau wasu na kai waya shago su rubuta kalmar sirri a bayan takardar kati, su tafi sallah su dawo. Abin yana ba ni takaici.

Yau ɗin nan ki buɗe Settings na akwatin imel ɗinki a kwamfuta, ki duba shafin Forwarding da na Filters, duk adireshin da ba ki sani ba ki cire shi, sannan ki kunna tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa waya. In Oga na son ganin akwatin gaba ɗaya, Gmail na da Grant access da ke ba shi izini ba tare da kalmar sirri ba. Ranar da kuwa saƙo ya zo cewa asusun biya ya canza, ki kira su ta tsohuwar lambar da ke littafinki kafin a tura ko sisi.