Makaman guba na Siriya bayan faɗuwar Assad

Malam, ka tambaya daga Gusau ko faɗuwar Assad a Disambar 2024 ta kawo ƙarshen makaman guba na Siriya. Da sauran aiki. Siriya ta shiga yarjejeniyar haramta su a 2013, aka lalata kusan tan 1,300 na sinadarai, amma hukumar OPCW, mai sa ido kan haramcin makaman guba a duniya, ba ta taɓa gamsuwa cewa tsohuwar gwamnati ta bayyana komai ba. A Fabrairun 2025 shugabanta, Fernando Arias, ya gana da sabon shugaban Siriya, Ahmad al-Shara'a, a Damaskus, sababbin mahukunta suka yi alkawarin haɗin kai. Abin da ya fi damuna shi ne tsaron rumbunan da ake zargin akwai ragowar makaman kafin masu bincike su isa, domin mu a Zamfara mun ɗanɗana kuɗar makaman da suka bazu daga Libiya bayan 2011.