Inda Za Ka Ci Abincin Rana Idan Jirgi Ya Tsaya

Ɗana, ka tambaye ni: idan jirginmu ya tsaya a babban birnin bakin teku, inda ƙabilu da harsuna suka cakuɗe, aka ba mu izinin sauka na 'yan awoyi, a ina za ka ci abincin rana? Na ga kana ɗari-ɗari, wai ko tambayar ba ta shafi aiki ba. Ta shafe shi ƙwarai. Mai koyon girki duk kwanon da ya ci daga hannun wani karatu ne, sannan idan cikin kukun jirgi ya ɓaci, duk ma'aikata da biskit za su kwana.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: ka ci inda mai girkin yake sa ran ganin masu cin abincinsa gobe. Gidajen da ke jere suna kallon ruwa, masu laima da hotunan abinci da yaron da ke kiran mutane a bakin ƙofa, kuɗin hayarsu yana cikin farantinka, kuma baƙon da ya ci yau jibi yana wata ƙasa. Babu abin da zai tilasta wa kukunsu ya gyara hannu. Ka shiga layi na biyu ko na uku, bayan kasuwar kifi, ko kusa da ƙofar da 'yan dako da direbobin manyan motoci suke fita. Wanda ke ciyar da waɗannan mutane, ranar da ya ba su abin da ya kwana, washegari kowa a tashar ya ji labari. A Istanbul akwai irin waɗannan gidaje na masu sana'a: an girka komai da safe, an jera a tire bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka, kafin yamma tukwanen sun ƙare.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ya danganta da wa ya tambaya. Direban tasi a bakin tasha sau da yawa yana da kamasho a inda zai kai ka. Ka tambayi wakilin jirgi, ko mutumin da ya kawo mana kayan abinci. Kada ka ce masa "ina ne da daɗi?", don zai ga kai baƙo ne ya tura ka wurin baƙi. Ce masa, "Kai a ina ka ci jiya?"

Sai lokaci, domin kowane gari da agogon cikinsa. A Faransa kicin yakan buɗe daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu, bayan nan sai dare. A Sifaniya ƙarfe biyun ne ma ake zama. A Lima ta ƙasar Peru, gidajen da ke yin ceviche, wato ɗanyen kifin da ake jiƙawa da ruwan lemon tsami, bisa al'ada da rana suke aiki su rufe da yamma, saboda kifin safe ake so. Ka isa lokacin da mutanen gari suke ci, ko ɗan kafin nan. Wurin da ka tarar babu kowa a daidai wannan lokaci, wuce.

Dalilin cunkoso ba wai don jama'a sun fi ka baki ba ne, lissafin tukunya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da cewa dafaffen abinci a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5, kuma kada ya zauna a tsakanin nan fiye da awa 2. Inda layi yake tafiya, tukunya tana ƙarewa kafin ta huce. Inda mutum ɗaya ke shigowa jefi-jefi, shinkafar safe ce ake ɗumamawa har la'asar, kuma ka san abin da na sha gaya maka game da shinkafa: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta zauna da ɗumi-ɗumi sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Don haka ka duba ko tururi yana tashi. Ka duba jerin abincin ma. Gidan da ke da abu biyar a allo yana iya sayen kayansu kullum. Wanda ke da littafi mai shafi goma, har da abincin nahiya uku, firiza ce ke masa aiki.

Bari mu tsaya a kan kifi, don nan ne baƙi suke faɗawa. Ganin teku ta taga ba ya nufin kifin farantinka daga cikinta ya fito. Idan ka ga salmon, kifin ruwan sanyi, a gari mai zafi, daga nesa aka kawo shi, galibi daga gonakin kifi na Nowe ko Chile. Ba laifi ba ne, kifin da aka daskarar da wuri ya fi ɗanyen da ya wuni a rana. A Tarayyar Turai ma doka ce, yawancin kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24 don kashe tsutsa. Amma ka san abin da kake biya. Idan an shimfiɗa kifin a kan ƙanƙara, yi masa duban da nake sa ka yi wa namu: ido ya zama garau a cike, ka ɗaga murfin gefen kansa ka ga ja mai haske, ka danna tsoka ta dawo. Ƙarni kaɗan na ruwan teku daidai ne. Wari mai hawa hanci, a'a. Idan ba ka ga kifin ba sai a cikin miya mai yaji, to ka dogara da layin mutane kawai.

Akwai guba biyu da wuta ba ta taɓawa, kuma kuku ya wajaba ya san su. Ta farko tana fitowa a kifin tuna da makarel da sadin idan aka bar su babu ƙanƙara: wani sinadari, histamin, yana taruwa a tsokar. Soyawa ba ta cire shi, daskarewa ma haka. Alamar ita ce ɗanɗano mai yaji-yaji ko na ƙarfe a harshe, sai fuska ta yi ja, kai ya sara, cikin mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu. Da ka ji wannan ɗanɗano, ajiye cokali. Ta biyu, siguwatera, tana cikin manyan kifayen da ke kiwo a duwatsun murjani na tekuna masu ɗumi, irin su barakuda, musamman a yankin Karebiyan da tekun Fasifik da na Indiya. Wannan ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kifin ma sabo ne fil. Mutanen wurin sun san wanda suke gudu, shi ya sa nake cewa ka ci irin kifin da ka ga suna ci, ka zaɓi ƙanana. Ɗanyar kawa kuwa, wato naman ruwan nan mai ɓawo biyu da ake kira oyster, mai aiki gobe da asuba ba ya wasa da ita. Ruwan lemon tsami ma yana sauya launin kifi ne kawai, ba ya yin aikin wuta.

Cakuɗuwar jama'a kuma ita ce ribar irin waɗannan garuruwa, sai dai ka ci abincin kowace al'umma a unguwar da 'ya'yanta suke ci. A Marsey ta ƙasar Faransa, bouillabaisse asalinta romon masunta ne na kifin da bai samu mai saye ba, yau ta zama abincin masu hali, wadda za a miƙa maka da arha a bakin tsohuwar tasha kuwa ban ba ka shawararta ba. Taka kaɗan zuwa unguwar Noailles, inda mutanen Arewacin Afirka suke da kasuwa, ka ci kuskus mai kyau. A Durban ta Afirka ta Kudu, zuriyar Indiyawan da aka fara kawowa aikin rake a 1860 su ne masu bunny chow, burodin da ake rarake cikinsa a cika da miyar kori. Singafo ce ta fi kowa sauƙaƙa wa baƙo: gwamnati ta tattara masu sayar da abinci na titi a cibiyoyi sama da 100, Basine da ɗan ƙabilar Malay da Ba'indiye kowa da rumfarsa a ƙarƙashin rufi ɗaya, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2020. Idan ka ga ƙunshin tishu a kan tebur a can, wani ne ya kama wuri, kada ka zauna.

A gari mai addinai da yawa, abin da ba ka ci yana iya ɓuya inda ba ka zata. Taliyar da ba ka ga nama a kanta ba tana iya zama da kitsen alade aka soya ta, romon kifi a Turai sau da yawa da farar giya ake tayar da shi. Kada ka tsaya a "akwai nama?" Tambayi mai da romo. A Singafo rumfunan halal suna liƙa takardar shaidar majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, ka neme ta da idonka. Inda harshe ya gagara, ka sa wakilin jirgi ya rubuta maka a takarda da harshen garin.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su: hannun da ya karɓi kuɗi kada ya koma kan abinci haka nan, katakon yanka ɗanye daban da na dafaffe, man suya kada ya zama baƙi yana kumfa. Ruwa ka sha na kwalba a rufe idan ba ka san famfon garin ba, ƙanƙarar cikin kofi ma ruwa ce. Ka ji farashi kafin a ɗora kifi a wuta, domin wurare da yawa da nauyi suke sayarwa, abin da ke rubuce kuɗin giram 100 ne kawai.

Kafin ka sauka, ka duba allon da ke bakin tsani inda ake rubuta lokacin dawowa, ka rage awa guda a kai, don jirgi ba ya jiran yaron kuku. Idan akwai kujera kusa da murhu, a nan za ka zauna, ka kalli yadda suke sarrafa wuta da abin da suke fara jefawa a kasko. In ka dawo zan tambaye ka me aka sa a romon da ka sha, kuma albasar abincin dare tana nan tana jiranka.