Tambaya da Amsa: Iska nawa ruwa yake iya riƙewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne a nan Damagaram, kuma kawuna yana kiwon karfasa a kududdufin siminti a bayan gari. Da bazara, kifayen kan taso saman ruwa da asuba suna buɗe baki. Shin akwai hanyar ƙiyasta yawan iskar oksijin da ke cikin ruwan ba tare da na'ura ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Akwai hanya, kuma tushenta ƙa'idar da masanin Ingila William Henry ya bayyana a 1803. Ƙa'idar tana cewa matuƙar zafin ruwa bai canza ba, yawan iskar da ke narkewa a cikinsa yana tafiya daidai da matsin wannan iskar a saman ruwan, wato idan matsin ya ninka, abin da ya narke ma zai ninka. Oksijin kashi 21 ne cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, saboda haka rabonsa na matsin kaɗai ake sakawa a lissafi.

Zafi shi ne babban abin lura a garinmu. A bakin teku, lita ɗaya ta ruwa marar gishiri tana riƙe kimanin miligiram 9.1 na oksijin a digiri 20, amma a digiri 30 adadin yakan sauko zuwa 7.5, a digiri 35 kuma ya koma wajen 7. Da yake Damagaram tana sama da mita 400 bisa teku, matsin iska ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari, don haka idan ruwan yana digiri 30, sai ka ninka 7.5 da 0.95, ka samu 7.1. Gishiri ko kanwa a ruwa su ma suna ƙara rage shi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne wannan lissafin yana nuna iyakar abin da ruwan zai ɗauka daga iska ne, ba abin da ke cikinsa a lokacin ba. Cikin dare gansakuka takan daina samar da oksijin, alhali ita da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci duk suna ci gaba da shansa, shi ya sa matsalar take bayyana da asuba. 

Ka shawarci kawunka ya yi wa kududdufin rumfa, ya rage abincin yamma, kuma ya riƙa zubo sabon ruwa daga sama yana fantsama tun kafin kiran assalatu.