Ɗana Kurma Ne, Kuma Ya Fara Gudun Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗa ɗan shekara 9 wanda ba ya ji, maganarsa kuma ba ta fita sosai. Kwanan nan yakan dawo daga makaranta da yagaggiyar riga, babu fensir babu littafi, da safe kuma sai ya laɓe a bayan ƙofa don kada a kai shi. Mahaifinsa ya ce mu cire shi ya zauna a gida. Ina neman shawara. Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ita ce kada ku cire shi, domin idan kuka yi haka, shi ne zai rasa karatu, waɗanda suka zalunce shi kuwa su koma kan wani yaron.

Azzalumi yakan zaɓi wanda ya tabbata ba zai iya kai ƙara ba, shi ya sa yara masu buƙata ta musamman suka fi shiga wannan hali. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka gudanar, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna cewa haɗarin fuskantar cin zarafi a wurinsu ya ninka na sauran yara sau 3.7. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki buɗe wa ɗanki hanyar faɗin abin da ke damunsa. Ki zauna da shi a natse, ki ba shi takarda ya zana, ko ki nuna masa hoton 'yan ajinsu ya nuna da yatsa. Ki koya masa alamar hannu ta "a'a", ta "ya doke ni", da sunayen sassan jikinsa, har da waɗanda bai kamata kowa ya taɓa ba. Iyaye da yawa suna jin nauyin wannan darasi, alhali jin nauyin nan ne masu lalata yara suke fakewa da shi.

Daga nan ki rubuta ranar da kowane abu ya faru, ki ajiye rigar, ku tafi wurin shugaban makarantar tare da mahaifinsa. Kada ku yarda da amsar "ai wasan yara ne". Ku nemi a ware malami guda da zai riƙa sa masa ido lokacin tara da lokacin tashi, domin a nan ne aka fi yin ɓarnar. Ba alfarma kuke roƙo ba: sashe na 16 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ya wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita kare su daga cin zarafi da ci da guminsu.

Idan kuwa kika ga rauni a jikinsa, ko ya nuna miki cewa wani babban mutum ne yake cutar da shi, to maganar ta wuce ofishin shugaban makaranta. Ku kai shi asibiti a ranar, ku karɓi rahoton likita, sannan ku sanar da 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a.